Ruwan da Duba-gari Ya Zubar

Zamanin Turawa, ina budurwa, ɗiban ruwan gidanmu a unguwar Dogo Tebo a wuyana yake, ni da Goggo, yayar mahaifinmu, wadda ta biyo mu daga Kano bayan rasuwar mijinta. Rijiyar unguwa zurfi ne da ita, sai igiya ta ci tafin hannunka kafin guga ya leƙo. Ga layi. Kowa ta ajiye tulunta ya tsaya mata, ta tafi harkarta, ta dawo ta tarar an ture shi baya. Sai faɗa ya kaure, wannan da Ngizimanci, waccan da Bolanci, a ƙarshe a haɗu a Hausa don kowa ta ji zagin da aka yi mata.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan duba-gari. Ma'aikaci ne mai gajeren wandon kaki da doguwar moɗa, yana bin gida-gida yana leƙa randuna, wai neman 'ya'yan sauro. In ya gani, ko ya ce ya gani, sai ya kifar da ruwan a tsakar gida.

Ana gobe sunan ƙanena muka wuni muna jido har randuna suka cika, wuyana ya ƙage. Washegari da hantsi, an ɗora tukwane ke nan, sai ga sallamar duba-gari. Ya zura moɗa, ya ɗaga ta wajen haske, ya girgiza kai.

Goggo ta ce, "Haba ɗan nan, ruwan jiya ne fa. Yaushe sauro ya yi aure har ya haihu?"

Ya ce, "Iya, doka ce."

Ya bi randunan ɗaya bayan ɗaya yana kifar da ruwan. Ina tsaye ruwan ya bi ta ƙafata ya fice ta magudana, ya je ya kwanta a lungu, inda sauron gaske ke kwana. Na yi kuka, ba na ɓoyewa. Baƙi na shigowa, mu kuwa muka ɗauki gammo muka koma layi.

A bakin rijiyar muka tarar da matar duba-garin. Goggo ta ajiye tulu, ta gyara ɗamara, mata suka ja baya suka ba ta fili. Ta fara zagi tun daga kakan moɗar. Matar tana ta jan igiya, sai da Goggo ta tsaya shan iska sannan matar ta buɗe mana tafin hannunta. Duk ya sale.

Ta ce da Hausarta mai gargada, "Iya, da namu yake farawa. Kullum. Wai kada a ce ya yi son kai."

Wata ta ƙyalƙyale da dariya, saura suka kama. Goggo ba ta yi ba. Ta zo da faɗa cike da baki, ta rasa inda za ta sauke shi. Sai ta juyo kaina, wai na tsaya kallo kamar an dasa ni, layi yana wucewa.

Da la'asar aka ci tuwon suna, maimakon azahar. Makon da ya zagayo duba-gari ya dawo da moɗarsa, ya kuma yi sallama da fara'a.