Caji Ɗaya Zuwa Kurugu

Har yau in na tuna dillalin da ya sayar wa aminina akori-kura mai lantarki, sai raina ya ɓaci. Ya bugi ƙirji ya ce batirinta babba ne, caji ɗaya za ta je Kano daga Rogo ta dawo. Bai faɗa mana cewa a kan kwalta aka gwada ta ba, bayanta kuma ba komai sai iska.

An yi ruwan shuka, Baba ya kira gayya a gonarsa ta Kurugu. Irin gyaɗar yana hannuna a Rogo. Don son burga na ce masa ya bar batun motar haya, da hantsi zai gan ni.

Na aro motar da rabin caji, don bisa lissafin dillali ya ishe ni har da ragi. Na loda buhunan iri da na taki. A wajenmu kuwa ba a wuce mai tafiya a ƙasa, sai an rage masa hanya. Na ɗauki tsohuwa da akuyarta, na ɗauki manoma huɗu da garemaninsu. Da muka sauka daga kwalta muka shiga laka, lambar cajin da ke allon motar ta fara narkewa kamar gishiri a ruwa. Motar ta koma tafiyar hawainiya, sannan ta tsaya cak.

Sabo turken wawa. Na sauka na jawo galan ɗin da ba na tafiya sai da shi, ina neman ɗan acaɓa ya sayo man fetur. Tsohuwar ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ta wane baki za ka ba ta?"

Amalanken shanu ne ya kai irin, bayan la'asar. 'Yan gayya sun sha fura sun watse, gobe kuma kowa tasa gonar zai nufa. Baba ya murza ƙasa a yatsunsa, ya ce, "Sannu da hanya. Ka ci abinci?" Da ma zagina ya yi.

Kwana uku muna shuka mu biyu, ƙasa ta bushe mana a rabin gona.

Da damina ta zagayo, a bakin maƙwabci na ji cewa Baba ya sa an kai masa irinsa a kan acaɓa tun kafin ruwa ya sauka. Bai ko neme ni ba.