Tukunyar Kawu Bala a Jirgin Furocida

Alhamis: Jidda zuwa Rum

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka bar unguwarmu Nuzla, ni da Kawu Bala, yayan mahaifiyata, da kaya ƙunshi tara. Shekara goma sha shida Kawu ya yi yana kuku a unguwar Bagdadiyya ta Jidda, gidan wani injiniya ɗan Italiya, Sinyor Karlo, kuma a hannunsa Luciya, 'yar maigidan, ta girma. Bayan sun koma ƙasarsu aurenta ya tashi, sai uban ya aiko da tikiti biyu da wasiƙa: ranar Asabar, ƙarfe goma sha ɗaya, a tsibirin Furocida, amma mu kwana garin Fotsuwoli ranar Juma'a. Ita kuma ta ƙara layi ɗaya a ƙasa, cewa in Kawu bai zo ba, ba za ta yafe ba. Ni tafinta aka ɗauke ni, don na taɓa aiki a garejin Italiyawa. Gaskiya Italiyancina bai wuce sunayen sifana da ashar ba, amma ban gaya wa kowa ba.

Jirgin sama ya tashi ƙarfe bakwai, muka yada zango a Bairut, muka sauka Rum da la'asar. Ɗan kwastan ya kwance ƙunshi ɗaya, ya ga risho da tukunya da mudu uku na shinkafa. Ya dube mu, ya dubi tukunyar, ya ɗaure mana kayan da hannunsa.

Juma'a: Fotsuwoli

Jirgin ƙasa ya kai mu Nafoli cikin awa uku, wani ƙarami ya ƙarasa da mu Fotsuwoli a rabin awa. Gari ne na masunta, iskarsa na warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kawu ya zarge ni, ni ma na zarge shi, ashe daga ƙasa abin yake fitowa. Muka kama ɗaki gidan wata dattijuwa a bakin tashar jiragen ruwa. Ta ba mu taliya da kifi, Kawu ya ɗanɗana, ya ce da sauranta. Daga taga muna ganin jirage na shiga suna fita kamar motocin haya, wasu Furocida, wasu tsibirin Iskiya.

Kawu kuwa sau ɗaya ya taɓa hawa teku, yana saurayi, daga Sawakin zuwa Jidda, kwana biyar, har ruwan sha ya ƙare musu. "Ya waladi, ɗana," in ji shi, "ba a shiga teku da ciki kawai." Na yarda da shi, don ni haifaffen Jidda ne, kullum ina kallon jirage, amma ban taɓa taka ko ɗaya ba. Abin da bai zo mana a rai ba shi ne, wanda aka ce ya kwana Fotsuwoli ya halarci aure washegari da hantsi, ai tafiyarsa ba ta kwanaki ba ce.

Asabar: kan teku

Ƙarfe tara da kwata jirgi ya tashi. Kafin nan Kawu ya nemi gafarata, ya gaya mini inda ya ɓoye iƙamarsa, takardar izinin zama, ya ce in ba matarsa haƙuri. Italiyawa na shigowa da jarida kawai a hammata, ya girgiza kai don tausayi. Muka kama lungu a bayan jirgi, ya shimfiɗa tabarma, ya ɗaura zane don inuwa, ya kunna risho. Wani matuƙi ya zo yana ihu yana nuna wutar. Kawu ya cika masa hannu da dabino, ya tafi yana ihun yana tauna.

Ƙarfe goma saura biyar jirgi ya tsaya a wani gari mai gidaje kala-kala, ja da rawaya da shuɗi. Mutane suka yi ta sauka.

"Kawu, anya ba nan ba ne?"

"Albasa ma ba ta soyu ba! Ruwa za su ɗiba. Yalla, miƙo gishiri."

Na miƙa. Muna tashi aka fara kaɗa ƙararrawar coci, har Kawu ya ce mutanen garin nan akwai son shagali.

Bayan rabin awa muka isa Iskiya, jirgi ya zama ba kowa sai mu. Na ce wa matuƙin nan "Furocida?" Ya nuna baya da babban yatsa, ya yi dariya har ya riƙe ƙarfe. Sannan ya nuna ƙarfe biyu a agogonsa. Babu jirgin komawa kafin nan.

Kawu ya zauna daɓas. Tun da nake ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, kuma raina ya ɓaci ƙwarai, don da na buɗe baki na tambaya tun jiya da ba a yi haka ba. Can ya share fuska ya ce tunda an soya albasa, sai a ƙarasa. Ya zuba shinkafa da karas da zabibi, ya rufe.

Ƙarfe biyu da rabi muka sake isa Furocida. Muna jan kaya zuwa tsani sai ga taro, ana tafi, ana watsa wa wasu mutum biyu ɗanyar shinkafa. "La ilaha illallahu, abinci suke zubarwa!" in ji Kawu. Amarya ta hau tsani da farar riga, ango na biye, za su wuce Nafoli. Ta ɗaga kai, ta ƙwalla ƙara da Larabcin Jidda: "Ammi Bala! Fenak?" Wato, Kawu Bala, ina ka shige?

"Ina teku, ya binti. Tun safe nake zagaya ki."

Ta rungume shi tana kuka tana dariya, sai kuma ta shaƙi iska, ta dubi tukunya. Kafin Sinyor Karlo ya gama ɗago mana hannu daga ƙasa, an janye tsani. Amarya ta zauna kan tabarma ta sa hannu, ango ya nemi cokali bai samu ba, matuƙin nan ya kawo nasa kwano.

Da muka hango Fotsuwoli, Kawu ya kama hannunta ya sa a na angon, ya juyo gare ni. "Usman, gaya masa amana ce. Ba ta cin barkono, kuma in ta yi fushi a ba ta shayi." Na buɗe baki, ba abin da ya fito sai sunan sifana. Luciya ce ta fassara da kanta.

Talata: gida

Mun sauka Jidda ƙarfe biyar na yamma, lafiya lau, godiya ta tabbata ga Allah, da dattijuwar Fotsuwoli, da matuƙin da bai kashe mana wuta ba. Maƙwabta suka cika gida suna tambayar yadda tsibirin yake.

"Ban taka ba," in ji Kawu. "Amma ubanta a bakin ruwa ya tsaya. Ni na kai ta."