Ranar da Badruddeen Ya Sandare

Badruddeen Yero ɗan wani dillalin citta ne a Kafanchan. Tun yana sakandare ya yanke wa kansa hukuncin cewa kaf garin babu wanda ya kai shi Turanci. Daga finafinai ya kwaso nasa. Yana magana ta hanci yana tauna harshe, har masu acaɓa suka daina ɗaukarsa don ba sa gane inda za shi.

Da ya shiga jami'a sai abin ya ƙaru. Idan Martha, 'yar ajinsu daga Fadan Kaje, ta yi magana, yakan toshe baki yana dariya, wai Turancinta na ƙauye ne. Karatu kuwa ba ya yi. A ganinsa mai baki irin nasa ba ya buƙatar littafi.

A shekararsu ta uku malamarsu, Dokta Emilia, ta ce kowa zai gabatar da aikinsa da baki ta intanet, daga gida. Badruddeen ya ari kwat, ya jingina waya da kwalin madara a falon babansa, ya zauna yana gyara wuyan riga. Martha ce ta fara. Ta yi bayaninta a hankali, ta amsa tambayoyi, aka wuce.

Da aka zo kansa, ya buɗe baki ya yi ta zuba. Kalmomi manya-manya, babu kai babu gindi. Shi dai daɗin muryarsa yake ji. Dokta Emilia ta katse shi.

"Yero, na ji. Yanzu faɗa mini a jimla ɗaya, me ka bincika?"

Bai sani ba. Aikin ma kwafo shi ya yi, bai ko karanta ba. Sai dabara ta zo masa: ya sandare, baki a buɗe, hannu a sama, don a ɗauka netwok ne ya tsaya. Ya manta fanka na ta juyawa a bayansa, labule na kaɗawa. 'Yan ajin suna kallo.

Ana cikin haka yayarsa Kubra ta shigo da faranti, ta tsaya a kansa.

"Badru, lafiya? Me ya same ka ka ƙame haka?"

Bai motsa ba. Ta taɓa goshinsa, ta ƙwala wa mahaifiyarsu kira. Dokta Emilia ta ce, "Ki ƙyale shi, 'yar'uwa. Idan ya farfaɗo ki gaya masa mu haɗu baɗi."

Ya maimaita kwas ɗin, ya sha da ƙyar. Har yau bai yarda ya yi kuskure ba. Cewa yake malamar ce ba ta son Turancin waje. Yanzu ya kama shago kusa da tashar jirgin ƙasa, ya kafa allo, wai yana koya wa matasa yadda ake magana a gaban jama'a. Kuma akwai masu zuwa.