Kashin Tsuntsun da Ya Wanke Akuyata

Shekarun baya kaɗan, ina aji biyu a ƙaramar sakandare a Rano, yayana ya sayi sabuwar waya ya bar mini tsohuwar. Ba ta kira, ba a kiran ta, fuskarta ta tsage gida uku, kuma sai an ɗaure ta da roba kafin batir ya zauna. Abu ɗaya ya rage mata, shi ne ɗaukar hoto.

Damina ce, ni ke kai wa Baba abinci gonarmu ta hanyar Lausu. Tafiyar da ba ta kai rabin awa ba sai na mai da ita awa biyu, saboda duk malam-buɗe-littafin da ya gifta sai na bi shi da waya. Baba ya ce tun da aka ba ni wayar nan bai ƙara sanin ɗumin tuwo ba.

Malaminmu na aikin gona ne ya koya mini bambanta su. Ya ce wanda ke yawo da rana, in ya sauka ya haɗe fukafukansa sama, shi ne malam-buɗe-littafi na ainihi. Wanda ke wuni manne da bango da fukafukai a shimfiɗe kuwa dangin asu ne. Na samu littafi ina rubuta launin kowanne da ganyen da na same shi a kai. Sunayen da malam ke faɗa sun ƙi zama a bakina, sai na raɗa musu nawa. Akwai Farin Likita, akwai Mai Gudun Hoto. Babbarsu baƙa ce mai ɗige-ɗigen ruwan ɗorawa, da wani ɗan ido ja da shuɗi a ƙasan fiffike. Ita na sa wa Uwar Biki. Ko ruwan fure take sha ba ta daina kaɗa fukafukai, don haka hotunanta duk hazo ne. Wuri ɗaya take natsuwa, a kan lemun tsamin kakata da ke tsakar gidanmu.

Lemon nan kuwa ba abin wasa ba ne. Iya, haka muke kiran kakar tamu, daga Kibiya ta taho da dashensa, daga gidan mahaifinta, kafin a sare uwar bishiyar a yi gini. Tsawonsa bai wuce ƙuguna ba, amma ta kewaye shi da ƙaya, kuma da safe shi take fara dubawa kafin ta amsa gaisuwarmu.

Sai ganye ya fara ɓacewa. Yau rabi, gobe saura jijiya. Iya ba ta yi dogon bincike ba, ta nuna akuyata.

Akuyar nan ja ce, mahaifiyata ta ba ni ita ranar da na kai izu goma. Da damina kowace dabba a turke take saboda shuka, amma tawa tana da tarihi. Ta taɓa kwance igiya ta cinye zogalen da aka shanya, ta haɗa da gefen tabarmar da yake kai.

Bayan la'asar Baba ya zauna sauraron ƙara.

"Iya, kin gan ta da idonki?"

"Sai na gani? Dube ta, ko yanzu tauna take."

Na ce, "Iya, akuya ai kullum cikin tauna take."

"Ke rufe mini baki, lauyar awaki."

Baba ba ya musu da mahaifiyarsa. Ya ce saura kwana uku kasuwa ta ci, in ban kawo shaida ba ranar za a ja akuyar a tafi da ita.

Na ɗaure ta da igiya biyu, na yi ƙullin da ni kaina sai da haƙori nake kwancewa. Ganye bai daina raguwa ba. Na nuna wa Iya ƙullin, ta ce ai wannan dabbar kwancewa take ta ci ta dawo ta ɗaure kanta.

Ana gobe kasuwa na dawo daga makaranta na zauna kusa da turke, ina goge hotuna saboda wayar ta cika, ina kuka kaɗan-kaɗan yadda za a ji daga ɗaki. Sai na zo kan hotuna biyu na Uwar Biki a reshe ɗaya. Na farko da safe na ɗauka kafin in fita, na biyu da na dawo. A gefenta akwai wani ganye da kashin tsuntsu a kai, fari da ruwan ƙasa. A hoton safe kashin yana tsakiyar ganyen. A na rana yana baki, kuma rabin ganyen babu.

Na je na tsaya a kan Iya tana tsintar wake.

"Iya, zo ki ga kashi."

"Allah ya shirye ki. Don kashi za ki tashe ni?"

"Wannan tafiya yake yi."

Ta biyo ni don ta samu dalilin dukana. Ta zaro tsinken tsintsiya ta zunguri abin. Sai ya ɗaga kai, ya fiddo wasu ƙahoni biyu jajaye, wani wari ya tashi kamar ruɓaɓɓen lemo. Iya ta ja da baya tana a'uziyya. Muka bi ganyen ɗaya bayan ɗaya, ashe duk abin da muke ɗauka kashi ne tsutsa ce. Sati biyu Iya tana zagin tsuntsaye da akuya, ɓarayin na gabanta suna ci.

Baba ya dawo ya kalli hotunan, ya kalli tsutsar, ya ce, "To Iya, ga shaida ga mai laifi."

Ta ce, "An sallami akuya. Amma a gaya mata idona na kanta."

Sai aka ɗora mini aikin tsince tsutsar kowace safiya in zuba wa kaji. Na ɓoye guda a gwangwanin madara, na huda murfin, don in ga ƙarshenta. Ta ƙi cin kowane ganye sai na lemo, don haka daga ranar ni na koma satar ganyen Iya da gaske. Ta yi ƙiba ta koma kore shar, sannan ta maƙale jikin wani ɗan tsinke ta bushe. Na ɗauka ta mutu, har na fara tunanin inda zan binne ta.

Wajen sati biyu bayan haka na buɗe gwangwanin da safe, na ga Uwar Biki a ciki, fukafukanta a jiƙe a yamutse. A nan na gane abin da ke natsar da ita a kan lemon. Ƙwai take sakawa. Ni kuma kullum ina tsaye ina kore mata kaji da ƙannena don kada a dame ta in rasa hoto.

Da ina da wayo da na yi shiru. Amma bakina ba ya riƙe labari, na kwasa da gudu na kai wa Iya. Ta daɗe tana kallon yadda fukafukan ke miƙewa, har ta manta da kokonta. Can ta ce, "Wato ko ta ina aka biyo, ɓarawon dai naki ne." Ta ce in sake ta a bayan gari. Na sake ta a ƙofar gida.

Yanzu lemon ya wuce katanga, akuyar ta haihu sau uku, wayar ta daɗe da mutuwa. Abin da ya zauna mini shi ne ba na yarda da hoto ɗaya, sai na ɗauki na biyu na duba abin da ya matsa. Iya kuwa ta ware reshe guda ta bangon yamma ta ce kada a tsince shi. In baƙi suka tambayi dalilin da ya sa ganyensa duk huji ne, sai ta nuna ni ta ce na dabbobin yarinyar nan ne.