Sabuwar Wayar Basiru Mai Lasifika

Basiru mai lasifika ɗan unguwar Yindiski ne a Potiskum, kuma tun tasowarsa ba a taɓa ganin ya ɗauki fartanya da daɗin rai ba. Allah ya rufa masa asiri da sana'ar sa waƙa a gidajen biki. Ba ya haɗa kiɗan Ngizimawa da na Bolawa, ba ya sa wa Kare-kare na Fulani. A tsohuwar wayarsa, wadda aka ɗaure da roba kamar karyayyar ƙafar akuya, kowace ƙabila da jerin waƙoƙinta: na shigowar amarya, na rawar gwaggwanni, na korar mutane gida. Ko dubawa ba ya yi, babban yatsansa ya haddace.

Sai ƙarya ta ɗebe shi, ya sayi sabuwar waya mai faɗin faranti. Aka kwashe masa waƙoƙin a kasuwa aka zuba. Waƙoƙi sun iso, jeri bai iso ba. Manhajar sabuwar kuwa ba ta da kunya: duk abin da ke da sauti, har saƙon muryar da yake tura wa abokai, ta tattara ta dama kamar fate. Bai gwada ba, wai shi gwani.

Ya je Mamudo bikin 'yar Hajiya Hajaratu, matar da in ta ce kada a ɗauke ka, to sana'arka ta mutu a ƙasar Potiskum. Amarya ta doso, mata sun gyara baki za su yi guɗa, ya danna. Lasifika ta saki muryarsa tar:

"Sajo, gobe ina gidan Hajaratu. Sai na ƙoshi a gida zan tafi. Wainar matar nan ko kare ka jefa da ita sai ya suma."

Ya danna zai kashe, ta maimaita.

Hajiya ta tako a hankali, ta tsaya a kansa.

"Basiru."

"Na'am, Gwaggo. Wallahi wayar ce..."

"Wayar ce ta ci wainata? Ku kawo masa tire."

Aka dire masa shi cike da waina. Yana tauna yana hawaye, mata na yi masa tafi, har ya ga ƙarshenta.

"Yaya ka ji ta?"

"Laushi, Gwaggo, kamar auduga."

"To faɗa a lasifikar, na baya ba su ji ba."

Ya faɗa.

Hajiya ba ta hana a ɗauke shi ba. Kasuwarsa ma buɗewa ta yi, don yanzu kowace mace so take ta ji abin da wayar za ta faɗa a kan maƙwabciyarta.