Kwantaccen Ciki

Cikina na uku ke nan, biyun farko sun zube tun ba su fara motsi ba. Da na ga jini a wata na biyar, maigidana ya goya ni a mashin daga ƙauyenmu na ƙasar Gwashi zuwa Gummi. Likita ya duba ni, ya ce in koma gida in kwanta, ko tsintsiya kar in ɗaga har in haihu.

Inna, uwar maigidana, ta shigo ta tarar da ni a shimfiɗe da rana tsaka, ta rafka salati.

"Ke ɗiyag ga, wa yac ce ki kwanta? In uwa ta cika kwanci, ciki ma kwantawa shika yi. Tashi ki kama taɓarya!"

A wurinmu an yarda ciki kan kwanta, ya yi barcinsa a mara shekara ko fiye, sannan ya farka a haife shi. Na tsani wannan magana. Na ce mata ni likita ya gaya wa, ba ita ba. Ta yi fushi, amma ba ta fasa dama mini kunun tsamiya kowace safiya ba. Da na sha sai yaron ya hau shure-shure, ita kuma ta ɗora hannu a cikina tana yi masa tsiya, wai acici ne tun bai fito ba.

Ranar awo a Bukkuyum, malamar asibiti ta latsa ƙafafuna da suka kumbura, ta balbale ni da faɗa. Wai yawan kwanciya ne, in riƙa tattaki kada jini ya daskare. Na dawo raina a ɓace. Kowa na da bakin faɗa, ni kaɗai ke ɗauke da cikin. In na kwanta tsoro, in na tashi tsoro. Ƙarshe na raba yinin: in yi shara da safe, in kwanta da rana, ina roƙon Allah kada wadda na zaɓa ta zama ita ce kuskuren.

Wata safiya a wata na bakwai na sha kunu, shiru. Na ƙara wani ludayi, shiru.

A Gummi likita ya daɗe yana kasa kunne a cikina, sannan ya ce sai haƙuri. Ya tambaye ni, "Kin kwanta kuwa?" Har yau ban san amsar da ta dace ba, ban kuma san wanne ne ya raba ni da shi ba.

Inna na zaune a baranda da goran kunun da ta riƙo mini. Da ta ga fuskata ta miƙe.

"Bari kuka, ɗiyata. Kwantawa yay yi. Shina tashi."

Duk watannin nan ban taɓa son Inna ta fi likita gaskiya ba sai ranar.