Tagar Inna da Iskar Mokola

Innarmu waina take toyawa a wani ɗan ɗaki marar taga a bayan gidanmu na unguwar Sabo. Hayaƙi ya sa mata tari mai cin rai, in ya taso sai ta dafa bango. Baba ya yarda a fasa taga, amma ɗaya tak, don ginin na mahaifinsa ne, kada a mayar masa da gida rariya.

Ƙanena mai karatun injiniya ya ce kada kowa ya taɓa guduma. Zai gina unguwarmu a kwamfuta, ya sako mata iska, ya ga inda hayaƙi zai fi saurin fita.

Gina gidajen bai ba shi wahala ba, iskar ce ta zame masa ƙarfen ƙafa. Wadda ya fara sakowa ta shigo a jere, tsaf, kamar ɗaliban Islamiyya ranar sauka. Na leƙa na ce wannan mai ladabin ba 'yar Sabo ba ce.

"Matsalar ke nan, Yaya," in ji shi. "Iskar gaske kafin ta iso nan ta bugi kwanon rufi, ta yi karo da benaye, ta murɗe ta zama guguwa manya da ƙanana. In na yayyafa mata hargitsi da ka, ba ta nisa sai ta sake nutsuwa."

Sai ya gina Mokola, unguwar da ke maƙwabtaka da mu, a gaban Sabon tasa, ya riƙa kora iskar ta kan rufinta yana maimaitawa har ta fitsare, sannan ya kwaso ta ya zuba a bakin unguwarmu. Aikin ya ci damina guda.

Kullum ya shigo gaisuwa Inna sai ta ce, "Injiniya, yau iskar taka ta wuce shataletalen Mokola, ko gosulo ya riƙe ta?"

"Abeg Inna, ki ƙara haƙuri, ta kusa."

Nakan yi dariya, amma raina a ɓace yake. Ni nake miƙa mata ruwa in tarin ya sarƙe ta, kuma tsoro nake ji.

Ranar da ya gama, ya zana wurin da gawayi a bangon da ke kallon lungu. Magini ya fasa. Wallahi hayaƙi ya bi tagar ya fice kamar an kira shi. Baba har da kiran maƙwabta su zo su ga amfanin boko.

Washegari muka tarar Inna ta kafe wani tsohon zane mai kauri a kan tagar da ƙusa. Lungun nan shi maza ke bi zuwa masallaci.

"Ni da girmana, ina gumi a gaban tanda, abokan babanku suna wucewa suna kallona? Allah ya kiyaye."

Ƙanena ya tsaya baki buɗe. Ya lissafa kowace guguwa tun daga Mokola, bai tambayi mai ɗakin ba. Ya juya wajen Baba, Baba ya ɗaga masa yatsa ɗaya: taga ɗaya aka ce.

Har yau in Inna ta ji sallamarsa sai ta yi wuf ta yaye zanen, ta ce iskarsa akwai albarka. In ya fita ta sake shi. Ni kuwa ina nan da kofin ruwa a hannu.